Na Je Taya Jego, Na Tono Tsingaron Kaka

Tun da na dawo ban huta ba. Blessing ta tare ni a bakin famfo, Ummi ta biyo ni har Islamiyya, Maryam kuwa ta ce ba ni ba cin awararta sai na faɗa mata dalilin da ya sa ake cewa na tayar da taro a ƙauye. Na maimaita har bakina ya yi tsami. To ga shi a rubuce, kowa ta karanta da kanta. Wadda ta ce na ƙara gishiri ta hau mota ta je ta tambayo.

Sunan ƙauyen ne kawai ba zan faɗa ba. Yana can bayan Ashige. Akwai wata tsohuwa da ta ce in na kuskura na kai sunan garinsu Lafiya za ta zo har Bukan Sidi ta murɗe min kunne, kuma na ga hannunta, zai iya.

Kun san Yaya Rabi ta auri Ya Sule, manomin doya da riɗi. An shirya a gidanmu za ta haihu, tunda haihuwar fari ce, amma yaron ya yi gaggawa kamar an ce masa ana rabon nama. Naƙuda ta zo ana ruwan sama, rafi ya cika, ta haihu a can. Mama na fama da ƙafa, ta ce sai ana gobe suna za ta zo, ni in yi gaba in taya jego. Ta ɗora min gero, kanwa, yaji, daddawa da baho, ta kuma ɗora min gargaɗi wanda ya fi su nauyi: "Balki, ki bar bakinki a nan gida, in kin dawo kya ɗauka."

Keke ya kai ni tasha. Motar da na samu, ina jin ita ta kai dabbobi bakin jirgin Annabi Nuhu. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, direba kuma ba ya amfani da makulli, wayoyi biyu yake haɗawa yana bisimilla. Kusa da ni wata mata ce mai faɗi, da zakara a cinyarta. Ta dube ni ta ce, "Abeg, yarinya, ka matsa kaɗan." Na ce, "Mama, in na ƙara matsawa ai a titi zan zauna." Ta yi dariya har motar ta girgiza, ta ba ni dafaffiyar gyaɗa. Zakaran ne bai yafe ba. Duk ramin da muka faɗa sai ya sari gwiwata, kamar ni na haƙa.

A Ashige na sauka na hau mashin ɗin wani Dogo. Ya ɗaure baho a baya, gero a tanki, ni a tsakiya kamar nama a cikin burodi. Mun bar kwalta muka shiga tsakanin gonakin doya, kunyoyi manya-manya, kowace kamar an binne akuya a ciki. Can muka iske 'yan banga sun gitta katako. Babbansu ya ce, "Wajen wa?" Na ce gidan su Sule, jikan Kaka Azumi. Sai ya janye katakon, ya ɗaga riga ya nuna min cibiyarsa: "Ita ta yanke min wannan." Na ce Allah ya sanya alheri. Dogo ma ya waiwayo ya ce, "Har ni." Na ce, "Na yarda, kada ka nuna, riƙe mashin."

Iyakar ƙasar ita ce rafin. Babu gada, babu kwalekwale. Samari ne ke ɗaukar mashin a kafaɗa su ƙetarar, mutum kuma ya tattare zane ya shiga. Ruwan ya kai min ƙugu, ko da yake a lokacin na rantse ya kai wuya. A tsakiya laka ta riƙe silifas ɗina na dama ta ƙi saki. Haka na shiga garin surukan yayata da takalmi ɗaya, ina ɗingishi, yara na bina suna tafi.

Kaka Azumi ita ce kakar Ya Sule, kuma ita ce unguwarzomar garin. Gajeriya ce, siririya, amma muryarta na iya tayar da kaji daga gari na gaba. Ta kalle ni daga sama har ƙafar da babu takalmi ta ce, "Wannan ce 'yar birnin? A birnin naku ɗai-ɗai ake sayar da takalmi?"

Na ce, "A'a Kaka, rafinku ne ɓarawo, na ga ya yi gadon masu garin."

Matan gidan suka riƙe baki. Ita kuwa ta tuntsire da dariya ta ce, "Na samu abokiyar faɗa." A ɗakinta aka sauke ni.

Yarensu ya ba ni mamaki. Kamar Hausa ce da ta tafi yawo ta daɗe ba ta dawo ba. Sai in ji na gane farkon magana, in zo tsakiya ta zille min. Gaisuwarsu kuwa, a durƙushe ake yi, ana tambayar gida, gona, ruwa, gajiyar jiya da ta shekaranjiya, har gwiwa ta yi ƙara. Abinci kuma ba a tambayar ko ka ƙoshi. Malmalar sakwarar da aka ajiye min ta kai kan jariri, da miyar riɗi mai daɗin da ya sa na manta da takalmina. Na ci rabi na ce alhamdulillahi, sai aka ɗauka ba ni da lafiya.

Abin da ban zata ba shi ne tsabta. Na miƙa hannu zan ci, Kaka ta buge shi: "Sabulu! Malama ta ce." A bakin makewayi sun rataye jarka a jikin sanda, ka taka wani itace ruwa ya zubo, ga sabulu a ɗaure da zare. Randar ruwan sha a rufe, da moɗa mai dogon hannu wadda ba a sa ta a baki. Kowane gado da gidan sauro. Mu a Bukan Sidi, Allah na tuba, namu gidan sauron Baba ya kewaye tumatir da shi. Duk abin da na tambaya, amsa ɗaya ce: Malama ta ce. Malamar nan ma'aikaciyar lafiya ce, Malama Rifkatu, tana zuwa daga Ashige duk mako ta koyar da mata a gindin mangwaro.

Jaririn kuwa ɗan mitsitsi ne, fuska a murtuke kamar wanda aka tasa daga barci don ya biya haraji. Kaka ke masa komai. Da safe na ga ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗauko wani ɗan bututu, ta matso magani mai kama da ruwan kuɓewa ta shafa masa a cibiya. Na ce lallai tsohuwar nan likita ce.

Da yamma sai na ga wani abu dabam. Ta ɗauko tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, ta tura a murhu. Da ya yi zafi ta naɗe shi a wani tsumma da ya girme ni, ta dangwali man kaɗanya da toka, ta riƙa danna masa a cibiya. Yaron ya tsala ihun da ya sa akuya ta tsinke igiya.

Na ce, "Kaka, wannan ma Malama ta ce?"

"Wannan uwata ta ce. Na Malama yana busar da waje, namu yana korar sanyi daga ciki. Kowa da aikinsa. In ba a gasa ba yaro zai tashi da ciwon ciki har ya yi gemu."

Na ga kamar akwai hankali a maganar. Ni me na sani? Ban taɓa ganin cibiyar jariri kusa-kusa ba.

Yaya Rabi na zaune a gefen gado, ta juya fuska bango. Kun san kunyar ɗan fari. A gaban surukai ba ta kallonsa, ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata, in ya yi kuka sai ta yi kamar ɗan maƙwabta ne. Yayar da ke iya zagina daga ɗaki har bakin titi, ta koma kamar hoto.

Sai da na kai mata ruwan wankan jego bayan gida, mu biyu kaɗai, ta kamo hannuna. Idonta ya yi ja.

"Balki, kin shinshina shi?"

"Wa?"

"Shi mana." Ko a nan ba ta iya cewa ɗana ba. "Wajen ya yi ja, yana wari. Tun jiya ba ya kama nono sosai, jikinsa da zafi. A awo an faɗa mana, in aka ga haka a garzaya asibiti."

"To ki faɗa wa Kaka."

"Ni? In buɗe baki a kan ɗan fari, in ce wa matar da ta karɓi haihuwar mijina ba ta iya ba? Kuma an ce jariri ba ya ƙetare ƙofa kafin suna."

Na je na shinshina. Gaskiya ne. A nan dariya ta ɗauke min.

Na samu Ya Sule yana wasa fartanya. Shi abokin wasana ne, don haka ban yi kwana-kwana ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "Balki, Kaka fa ita ce ta ɗaya a ajin Malama. Duk abin da aka koya tana da shi a ka. In akwai matsala za ta gani." Na ce, "Kai dai ka ce tsoronta kake ji." Ya ce, "Wa ba ya ji?"

Allah ya taimaka washegari ranar taro ce. Na bi Kaka ina ɗauke da kujerarta. Mata sun cika gindin mangwaro, masu goyo, masu ciki, tsofaffi. Malama Rifkatu ta iso a mashin, siket ɗinta a jiƙe har gwiwa, da jaka da wata 'yar tsanar roba mai ido ɗaya. Doguwa ce mai fara'a, tana Hausa tana sirka yarensu. Aka kawo mata ruwa, aka kawo gyaɗa, wata ta kawo ƙwai.

Ta ce, "Yaushe ake wanke hannu?" Suka amsa baki ɗaya kamar karatun allo. "Me ake ba jariri har wata shida?" Suka ce nono zalla. "Me ake sawa a cibiya?" Suka ce maganin bututu. "Da me kuma?" Suka ce babu! Har waƙa gare su, da tafi. Aka kira Kaka ta gwada a jikin 'yar tsana, ta yi tsaf, babu kuskure, aka yi mata guɗa. Malama ta ce, "Kun gane?" Suka ce, "Mun gane!"

Ni abin ya ɗaure min kai. Bakin da ya ce babu, shi ne jiya ya hura wutar tsingaro. Kuma ba ƙarya suke ji suna yi ba, fuskokinsu fes. Na tuna gargaɗin Mama. Na tuna idon Yaya. Sai kawai na ga hannuna a sama, wallahi ban san lokacin da ya tashi ba.

"Baƙuwa na da tambaya," in ji Malama.

Na ce, "Malama, shi gashin da ake yi da tsingaro da toka da man kaɗanya, kafin a shafa maganin ake yi ko bayan an shafa?"

Wata mai goyo ta tsunkule ni a cinya. Wata ta ce a hankali, "Wannan yarinya ba ta da uwa ne?" Kaka ta zuba min ido, na ji kamar ni aka tura a murhu.

Na zaci Malama za ta yi faɗa. Sai ta ajiye jakarta, ta zauna a tabarma ta ce, "Ashe ana yi? Ni ban taɓa gani ba. Kaka, ki koya min."

Kaka ta ce, "Abin tsofaffi ne, ba na masu boko ba."

"Ni kullum ina koya muku. Yau ki koya min."

Kaka dai ba ta iya ƙin nuna gwaninta. Ta aika aka ɗauko tsingaron da tsumman, ta gwada a jikin 'yar tsana, tana bayanin sanyin ciki. Tsofaffi suna gyaɗa kai. Malama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Me ya sa ba ku taɓa faɗa min ba?"

Wata tsohuwa ta ce, "Haba Malama. Mace ta ƙetaro rafi dominmu, ta jiƙe, sai mu ce mata ba haka ba? Ai ba a musa wa baƙo. Abin da kika ce mu faɗa, mun faɗa. Abin da kika ce mu yi, mun yi. Namu ne kawai ba mu bari ba."

Malama ta dafe kai, ta yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Sannan ta karɓi tsumman ta ɗaga sama. Ta ce, "Kaka, in wuƙa ta yanke ki, za ki ɗaure da wannan?"

"Allah ya kiyaye."

"To cibiya yanka ce, kuma ƙofa ce a buɗe har cikin jikin yaro. Da safe kin share ƙofa kin rufe, da yamma kin buɗe kin zuba toka. Zafin kuma yana ƙona fatar, datti ya samu hanya. Kukan da yake yi ba sanyi ne ke fita ba."

"Duk garin nan haka na yi musu, ga su nan suna noma."

"Gaskiya ne. Duka suka rayu?"

Wasu mata suka sunkuyar da kai, wata ta ja goyonta ta rungume.

Malama ta sassauta murya. "Ke ce gwanarmu. Faɗa wa baƙuwar nan alamomin da in an gani a cibiya ba a kwana."

Kaka ta gyara tsayuwa, ta fara da ƙarfi yadda ta saba. "In wajen ya yi ja." Ta lanƙwasa yatsa. "In ya kumbura ko yana ruwa." Ta lanƙwasa wani. "In yana wari." Muryar ta ragu. "In yaro ya ƙi nono…" Sai ta tsaya, yatsan a sama. Na ga idonta ya bar taron ya tafi gida. Karatun da ta yi ta rerawa a gindin mangwaro, sai a lokacin ya ga hanyar ɗakinta.

Ta ce, "Malama, tashi mu je."

Ban taɓa ganin tsohuwa na sauri haka ba, ni da kujera ina haki a baya. Malama ta wanke hannu, ta buɗe yaron, ta duba, ta sa masa abin gwada zafi a hammata. Ta ce, "Yau za a kai shi asibiti. Yanzu. Allura yake buƙata, ba ni da ita a jaka."

Wani kawun Ya Sule da ke bakin ƙofa ya ce, "Kafin suna? Yaro marar suna ya ƙetare ruwa? Ba a taɓa yi ba."

Kowa ya dubi Kaka. Ta ɗauko zane, ta naɗe yaron, ta manna shi a ƙirjinta ta lulluɓe da mayafi. Ta ce, "Ni nake hana fita, yau ni zan fitar. In ya kwana nan, ragon naka wa za a yanka wa? Sule, tayar da mashin. Rabi, tashi, abincinsa na jikinki."

Yaya ta miƙe. Kuma a gaban surukai, a gaban kawu, ta ɗaga mayafin ta leƙa fuskar ɗanta.

A rafi samari suka so su karɓi yaron, Kaka ta ce duk wanda ya taɓa mata shi sai ta mayar da shi inda ta ciro shi. Biyu suka riƙe ta hagu da dama, ta ɗaga shi sama da kanta, ta ratsa. Ni aka bar ni gadin gida da wanke-wanke, wai hukuncin mai baki ke nan.

An kwantar da su a asibitin Ashige. Kwanakin nan ban ji daɗin sakwara ba. Matan gari kuma suka rabu biyu a kaina. Wasu in na gaishe su sai su amsa wa bango. Wasu kuwa sai su faki ido su turo min gyaɗa ko ƙwai, wata mai tsohon ciki ma ta ja ni gefe ta ce, "Uwar mijina ta riga ta tanadi nata tsingaron, amma jiya na ga ta cusa shi a ƙafar randa." Na ce to ai ya samu aikin da ya dace da shi.

Ranar suna ta zo su Yaya na asibiti. Liman ya ce babu laifi, aka yanka rago, aka raɗa suna, mai sunan na can yana shan allura. Mama ta iso ta ji labari tun daga bakin rafi. Ta kalle ni ta buɗe baki, ta rufe, ta ce, "Za mu yi magana a gida." Har yau ba mu yi ba.

Ranar da suka dawo, tun daga zaure nake jin tsotso, cak-cak-cak, kamar ɗan akuya. Jan ya tafi, warin ya tafi, cibiyar ta bushe. Kaka na zaginsa: "Ci, ɗan banza, ka sa na hau mashin da tsufana." Ni kuwa ko kallona ba ta yi. Na gaishe ta, ta amsa wa kaza.

Sai da na ɗaure kaya zan tafi, da sabon silifas da Ya Sule ya sayo min wanda ya yi min yawa, ta kira ni. Ta tura min doya guda uku da ƙafa.

"Ke mai bakin reza. Kin kunyata ni a gaban garina."

"Ki yi haƙuri, Kaka."

"Ban yi ba. Ɗauki doyarki." Ta gyara wa yaron hula. "In kin girma kin yi aure kin tashi haihuwa, ki aiko min."

Na ce, "Ni? Asibiti zan je, Kaka."

Ta ce, "Sakarya. Wa kike ji zai raka ki?"